Shekarar da Khawaja Atta Ya Tsaya a Rana

Har yau akwai masu cewa da ƙarfin Bature na hau kujerar surukina. Kwanan baya ma na ji an maimaita a wani biki a unguwar Madain Fahd a nan Jidda, daga bakin yaran da ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin da abin ya faru. Ni na tsufa da musu a gidan biki. Amma ku 'ya'yana da jikokina ya kamata ku san yadda aka yi, tunda maganar ubanku ce da kakanku, da kuma wani mutumin Italiya da ba ku taɓa gani ba alhali kun ci albarkacinsa. Da gangan na rubuta da Hausa. Wanda karatun ya yi wa nauyi ya kai wa yayarku Fa'iza ta karanta masa. Na san halinku, ji kuke yi sarai, amsar ce sai da Larabci.

Ina saurayi na baro Damagaram da niyyar in sauke farali in koma. Kakanku Alhaji Harisu ne ya tsince ni a unguwar Mahjar ina kwana a bakin shagon wani. Bahaushen Sudan ne, a hanyar hajji aka haife shi, ya kuma zo Jidda tun ana tallar ruwa a kan jaki. Ya ba ni ɗaki, ya samo mini kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo, da iƙama, takardar zama, ya sa ni aiki a masana'antar yanka marmara da ke Khumra, inda shi ne rayyis, wato shugaban ma'aikata. Bayan 'yan shekaru ya ba ni auren 'yarsa Rakiya. Uwarku tana cewa ita ta fara ganina, ni kuwa ban taɓa musa mata ba don ina son zaman lafiya. Daga ranar na shiga kunyar suruki irin wadda ku ba ku sani ba. Ba na cin abinci a gabansa, ba na kallon idonsa, ba na kama sunansa. Baba nake ce masa, in kuma na hango shi a lungu sai in tuɓe takalmi in durƙusa tun daga nesa.

Masana'antar ta mutum biyu ce, kafilinmu Balarabe da wani dattijo ɗan Italiya mai suna Ottaviyo. Bakinmu ya kasa sunan, muka mai da shi Khawaja Atta, don Khawaja ake ce wa Bature a nan, shi ma ya riƙa amsawa. Ya kusa saba'in, gajere ne mai faffaɗar kafaɗa, tafin hannunsa kamar bayan tukunya. In yana magana sai ka ɗauka faɗa yake yi, in kuwa faɗan yake yi sai ka nemi wurin ɓuya. Larabcinsa na kasuwa ne, bai wuce yalla, wato a yi sauri, da halas, wato an gama, da kalmomi kaɗan ba, amma yana jin Faransanci, ni ma na ɗan taɓa makaranta a gida, shi ya sa na zama tafintansa. A bakinsa na ji tarihinsa, guntu-guntu, a lokacin cin abincin rana, don a ƙasa yake zama tare da mu. Ranar da ya fara ɗanɗana tuwon masara har ƙwalla ya yi, ya ce abincin uwarsa ke nan, miyar ce kawai ta bambanta.

A wani gari na kan dutse aka haife shi, inda kowane namiji mafasin marmara ne. Yana ƙarami dutse ya faɗo kan ubansa, aka kawo gawar gida a kan ƙyauren ƙofa. Bayan yaƙin duniya na biyu shi da ƙaninsa suka sayi tsohon zarto na inji, suka kafa rumfa, rumfa ta zama masana'anta, har aka kai jiragen ruwa suna ɗaukar dutsensa zuwa ƙasashe. Mutanen garinsu suka zaɓe shi magajin gari, daga baya suka tura shi majalisar ƙasa, inda ya yi shekaru yana ɗaga murya a kan kare lafiyar masu fasa dutse. Sai wani zaɓe ya zo aka kayar da shi. Ya bar wa 'yarsa masana'antar gida, ya biyo dutsensa zuwa Jidda, a farkon shekarun tamanin, lokacin da kowane mai hali yake son bene da daɓen marmara. Ban taɓa ganin mai arziki da ya raina kujerar ofis kamarsa ba. Amma yana da wani hali da ya kwaso daga siyasa, ya yarda babu matsalar da taro da ƙuri'a ba za su warware ba.

Aikin rayyis kuwa ido ne. In motoci suka zo daga tashar jiragen ruwa, winshi, wato ƙugiyar ɗaga kaya, shi ke sauke fallayen dutse, kowane falle ya fi ƙaramar mota nauyi. Direban winshi ba ya ganin ƙasa. Rayyis ke tsayawa a tsakar fili, inda ba rufi ba bishiya, yana yi masa alama da hannu, masu igiya kuma suna ƙarƙashi suna daidaita dutsen. A shekarar da nake ba ku labari idon Baba ya fara mutuwa. Duk mun sani. Uwarku ta faɗa mini yana zuba shayi a gefen kofi, ya kuma hana a ambaci likita a gidansa. A wurin aiki ba wanda ya iya buɗe baki, domin rabinmu shi ya kawo mu, sauran kuma ya yi musu wata alfarmar. Muna ta kauce-kauce har ranar da ya ba da alamar saukewa alhali Abakar, wani mutumin Chadi, bai janye ƙafa ba. Allah ya taƙaita, yatsu ne suka tafi. Na ga fuskar Khawaja Atta a ranar, ta yi fari fat, na san ubansa yake tunawa.

Bayan kwana kaɗan ya tara mu a filin, ya sa aka kafa tamfol, aka ajiye bokiti biyu a bayan tamfol ɗin, aka raba wa kowa ɗan tsakuwar marmara. Ya ce in faɗa wa mutane daga yau ma'aikata ne za su zaɓi rayyis, Alhaji Harisu yana ciki, a kawo sunan wani. Na fassara. Abakar, da ya zo da sanda, ya ɗaga murya.

"Isuhu muke so!"

Jin sunana, na juya wajen Khawaja na ce da Faransanci, "Ka rufa mini asiri, ban tsaya ba. Surukina ne."

"Ba kai ke tsayar da kanka ba, mutane ke tsayar da kai," in ji shi. "Kuma a ɓoye ne, ba wanda zai ji kunyar wani. Yalla."

Kowa ya shiga bayan tamfol ya fito. Ni na san inda na jefa tawa, Allah ma ya sani. Da aka juye bokitan a gaban jama'a ba a ma buƙaci ƙirga ba. Nawa ya yi tsibi, na Baba kuwa tafin hannu ɗaya zai kwashe. Khawaja ya yi tafi shi kaɗai, ya nufi Baba da hannu a miƙe zai gaishe shi. Baba bai ga hannun ba, ko kuwa ya gani, ban sani ba. Ya ɗauki butarsa da dardumarsa ya fita ta babbar ƙofa, bai jira motar ma'aikata ba.

Washegari aka aiko wai Rakiya ta je gida, uwarta ba ta jin daɗi. Lafiyar Inna ƙalau, kowa ya sani. Uwarku ta haɗa kayan Fa'iza, ta goya Abdurrahman, ta tsaya a bakin ƙofa tana share hawaye da gefen mayafi.

"Ba yaji na yi ba, Isuhu. Na san ba ka nema ba. Amma uba ya kira, ya zan yi?"

"Yaushe za ki dawo?"

"Ranar da ya ce."

Na je gaisuwa aka ce yana barci. Na koma aka ce ya fita, alhali ga takalminsa a ƙofa. Dattawan Mahjar suka fara amsa sallamata a ciki-ciki. Ɗakina ya yi mini faɗi, na riƙa jin kukan jariri a kunnena ba jariri. Wallahi ban taɓa shiga baƙin ciki irin na wannan makon ba, don mutumin da ya mai da ni mutum yana ganin na ci amanarsa, iyalina kuma suna hannunsa. Na shiga ofishin Khawaja na ce ya nemi wani rayyis, ni ba na yi. Ya buga tebur.

"Wace irin magana ce wannan? Faɗuwa zaɓe ba abin kunya ba ne! Ni ma'aikatana ne suka kayar da ni, mutanen da nake biya albashi. Da safe na je na gaisa da kowa, na saya musu gahawa. Na yi haka ne don kada in kore shi da bakina, don in kare masa mutunci!"

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, can garinku ke nan. A wurinmu da ka kore shi da bakinka ya fi masa sauƙi, sai a ce Bature ne, bai san shi ba. Yanzu yaran da ya ciyar ne suka ƙi shi a bainar jama'a, aka kuma ɗora mijin 'yarsa a kansa. Ya ɗauke matata da 'ya'yana."

Na ɗauka korata zai yi. Ya cire tabarau ya murza ido, sannan ya tambaye ni ina gidan yake, da kuma abin da ake kai wa babban mutum in za a ba shi haƙuri.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka je, yana rungume da ƙullin goro. Yaran unguwa suka biyo mu, don ba a saba ganin Khawaja a lungunan Mahjar ba. Ya tuɓe takalmi ba wanda ya ce masa, ya zauna a kan tabarma da ƙyar saboda gwiwa. Ni ban shiga ba, na durƙusa a bayan labulen ƙofa. Daga can ciki ina jin muryar Fa'iza tana wasa. Baba ya tambaya wane ne a ƙofa, Inna ta ce tafinta ne.

"To, tafinta ya yi aikinsa," in ji shi.

Khawaja bai iya zagaye-zagaye ba. Bayan gaisuwa ya ce in faɗa masa idonsa ya mutu, kowa ya sani, kuma wata rana zai kashe mutum. Ta yaya zan furta wa surukina wannan? Sai na ce Khawaja ya ce shekaru sun ja, aikin yana da wuya, rana ta yi yawa, jiki kuma yana son hutu.

"Bature ya yi magana gajera, kai ka yi doguwa," in ji Baba. "Faɗi abin da ya faɗa."

Na faɗa. Kaina a ƙasa, hawaye na ɗiga a kan siminti, na faɗa masa kalma da kalma.

"Na riga shi sani," Baba ya ce a hankali. "Idon nawa ne. Tambaye shi, me ya hana shi kirana, daga ni sai shi, ya faɗa mini haka? Da ni da bakina zan tara yaran nan in naɗa wanda ya dace, in fita ana yi mini addu'a. Sai ya sa aka auna ni da tsakuwa?"

Da na fassara, Khawaja ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Faɗa masa tsoron fuskarsa na ji, shi ya sa na ɓuya a bayan bokiti. Na ce don mutuncinsa na yi, ashe don sauƙin kaina ne. Gobe zan soke zaɓen a gaban kowa. Shi ne rayyis. Ranar saukarsa kuma shi zai zaɓa."

"In na dawo na ƙi sauka fa?"

"To shi ne rayyis."

"In dutse ya faɗo kan ɗan wani?"

"Ba zai faɗo ba. Ina nan tsaye a bayansa."

Baba ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare, ya miƙa masa rabi. Khawaja ya tauna, fuskarsa ta yamutse don ɗaci, amma ya haɗiye. Ba a ce komai game da Rakiya ba, ni kuma ba ni da bakin tambaya. Na mai da Khawaja gidansa, na koma ɗakina ni kaɗai.

Da safe kafili ya tare shi a ƙofar ofis yana cewa mai gida ba ya ba leburori haƙuri, dama shi tun farko ya ce nan ba Italiya ba ce da za a kawo musu ƙuri'a. Khawaja ya wuce shi, ya hau kan wani katako, ya ce ba ya son tafinta yau. Da Larabcinsa na kasuwa ya yi magana, yana dukan ƙirji.

"Ana galtan! Ni na yi kuskure. Rayyis, Harisu. Halas."

Mutumin da ya yi jawabi a majalisar ƙasarsu ke nan, yana ba masu igiya haƙuri da kalmomin da ba su fi na yaro ba. Ba kowa ya ji daɗi ba. Abakar ya nuna ƙafarsa ya ce ita kuma wa zai ba ta haƙuri, kuma yana da gaskiya. Ma'aikata suka kewaye ni a bayan inji, suka ce in na dage ni aka zaɓa, duk za su ajiye aiki, dole Khawaja ya janye. Na san in na dage zan samu kujerar, in rasa Baba har abada, wataƙila da uwarku. In kuma na janye, rayukan mutane na hannun idon da ba ya gani. Na ce musu ba ni dagewa, amma daga yau babu wanda zai ƙara shiga ƙarƙashin dutse da igiyar gaba sai ni. In wani abu zai faɗo, a kaina zai faɗo. Wasu suka ce ni matsoraci ne, wasu suka ce mahaukaci. Abakar ya daina yi mini magana, sai bayan shekaru muka shirya.

Lokacin zafi ne, irin zafin Jidda da iska ke manne wa mutum kamar jiƙaƙƙen bargo. Baba ya dawo ya tsaya a wurinsa, Khawaja Atta kuma ya tsaya taku ɗaya a bayansa da malafar kaba. Bai taɓa ɗaga hannu ya ba da alama ba, ko sau ɗaya, don kada a ce shi ke aikin. In Baba ya yi daidai, shiru. In zai yi kuskure, sai Khawaja ya yi tari, Baba ya dakata, ya gyara. Ba su taɓa zancen tarin nan ba, ba kuma wanda ya yi dariya. Haka aka yi ta tafiya mako bayan mako. Fatar wuyan Khawaja ta soye ta saɓule, ya rame, takardu suka taru a ofis, kafili na ta masifa. Ni kuma ina ƙarƙashin dutse da igiya, idona a kan hannun Baba, kunnena a kan maƙogwaron Khawaja. Kowace Juma'a ina zuwa gaisuwa, yanzu ana barina in durƙusa a ƙofa, Baba ya amsa a taƙaice, a turo mini Fa'iza in gan ta in tafi.

Ana cikin haka wata rana da azahar na ji Khawaja a waya yana ta ihu da yarensu. Da ya fito ya zauna kusa da ni bai taɓa abincin ba. Ya ce 'yan jam'iyyarsa ne, za a yi sabon zaɓe, suna so ya koma ya tsaya wa kujerarsa ta da, amma sai ya isa kafin ƙarshen wata. Na san yadda yake son kujerar nan. In yana zancen majalisa idonsa haske yake yi, kullum yana cewa akwai aikin da bai ƙarasa ba.

Na ce, "Ai sai ka tafi, ranka ya daɗe. Wannan ba ta zuwa sau biyu."

Ya ce, "In na tafi, wa zai yi tari?"

"A sa wani."

"Ba zai karɓa daga wani ba. Ni na ce masa ina nan. Na taɓa yi wa mutane dubu alkawari a kan dandamali na cika rabi, aka ce na yi ƙoƙari. Wannan mutum ɗaya ne, Isuhu, ba a cika masa rabi."

Watan ya ƙare yana Khumra, aka tsayar da wani. Bai sake shiga majalisa ba har ya koma ƙasarsu bayan wasu shekaru ya mutu a garinsu na kan dutse. Ban taɓa jin ya yi wa kowa gorin abin ba, Baba ma a bakin kafili ya ji, ranar da kafili ya fito fili yana faɗa cewa mutum ya yar da kujerar majalisa don ya yi gadin makaho.

Ba a daɗe ba aka kawo wasu manyan fallaye na wani masallaci da ake ginawa. Rana ta take, ko tsuntsu ba ya gilmawa. An ɗaga falle ɗaya yana lilo a sama, ina ƙarƙashinsa da igiya, ƙafata ta sarƙe da wata waya ina ƙoƙarin zarewa. Baba ya ɗaga hannu zai ba da alamar saukewa. Na jira tari, ban ji ba. Na waiga, sai na ga Khawaja ya durƙushe a kan gwiwa ɗaya, malafarsa a ƙasa, jini na zuba daga hancinsa, bakinsa na motsi ba murya. Direba yana kallon hannun Baba ne kawai. In hannun nan ya sauka, shi ke nan, kun zama marayu. Na buɗe baki in yi ihu, kunya da tsoro suka hana ni, don ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba.

Hannun bai sauka ba. Ya tsaya cak a sama.

"Khawaja?" in ji Baba, bai juya ba.

Shiru. Ashe ba tarin kaɗai yake saurara ba, har da numfashin mutumin da ke bayansa, kuma ya ji ya sauya. Sai ya ɗaga murya yadda duk filin ya ji, har masu zarto suka kashe inji.

"Kada kowa ya motsa! Ba na gani. Kun ji ko? Ni Harisu ba na gani. Isuhu!"

"Na'am, Baba."

"Fito daga ƙarƙashin nan. Zo ka tsaya inda nake."

Na zare ƙafata na zo. Ya lalubo hannuna na dama ya ɗaga shi sama a madadin nasa, ya ce wa jama'a ga rayyis ɗinsu, shi ya naɗa, wanda bai yarda ba ya zo ya same shi. Ba wanda ya motsa. Na sauke fallen a hankali har ya zauna a kan katako. Kafin in juyo Baba ya riga ya lalubo Khawaja, ya kwance rawaninsa ya jiƙa da ruwan butarsa ya ɗora masa a ka, yana tallafe da shi.

"Halas, ya Khawaja," yake ce masa. "Tashi mu shiga inuwa. Ni da kai mun gama."

Aka kama su biyun aka kai su ƙarƙashin rumfa, tsofaffi biyu a kan benci ɗaya, ɗaya ba ya jin Hausa, ɗaya ba ya jin Faransanci, kuma ba su nemi tafinta ba. Da Khawaja ya farfaɗo abin da ya fara tambaya shi ne ko dutsen ya fashe.

Da aka tashi aiki na tarar da Baba tsaye a babbar ƙofa, ya bar motar ma'aikata ta cika ba tare da shi ba. Na tuɓe takalmi zan durƙusa, ya ce in mai da takalmina, hanya da nisa. Ya ɗora hannunsa a kafaɗata, karo na farko tun da na auri 'yarsa.

"Kai ni gida, ɗana," ya ce. "Yau a kwano ɗaya za mu ci, kada ka kawo mini wata kunya. In mun gama ka kwashe iyalinka, sun cika mini gida da hayaniya."